Zumunta a ƙafa take: haƙƙin ƙaramin fili a kan ɗan kallo

A wata unguwa da ke kan tudu, yamma da tsakiyar birnin Sheffield na ƙasar Ingila, akwai wani filin ƙwallon ƙafa da ake kira Sandygate. Filin ba shimfiɗaɗɗe ba ne, gangare gare shi wanda ido ke gani tun daga bakin ƙofa. A nan ne, ranar 26 ga Disamba 1860, ƙungiyar Hallam ta kara da maƙwabciyarta Sheffield FC, wadda aka kafa a 1857. Har yanzu Hallam a nan take wasa, shi ya sa ake ɗaukar Sandygate a matsayin filin ƙwallo mafi tsufa a duniya da ba a daina amfani da shi ba. Duk da wannan girma na tarihi, ƴan kallonsa galibi ɗaruruwa ne, ƴan wasansa kuma mutane ne masu wata sana'ar da suke ci da ita daga Litinin zuwa Juma'a. A cikin ɗaruruwan nan ba a rasa baƙon da ya yi tafiyar sa'o'i uku ko huɗu a jirgin ƙasa. Ba shi da ɗa a cikin fili, ba shi da dangi a unguwar. Ya zo ne don ya ga wasa a wurin da bai taɓa takawa ba.

Kafin a yi hukunci a kan wannan baƙo, ya kamata a san tsarin da yake yawo a cikinsa. Ƙwallon Ingila kamar tsani yake. A can sama akwai gasar Firimiya, wadda aka fara a 1992, mai ƙungiyoyi 20. A ƙarƙashinta akwai rukuni uku masu ƙungiyoyi 72, jimla 92 ke nan. Waɗannan su ne ƴan cikin birni. Daga mataki na biyar zuwa ƙasa sai ƙungiyoyin bayan ganuwa, ɗaruruwa bisa ɗaruruwa, waɗanda aka rarraba mafi yawansu yanki-yanki don kada kuɗin tafiya ya kashe su. Tsanin a buɗe yake: wanda ya ci gasarsa ya hau, wanda ya zo ƙarshe ya sauka. A matakan ƙasa kuɗin shiga fam goma ne ko ƙasa da haka, masu tsaron ƙofa, masu dafa shayi da masu ja wa fili layi kuma ƴan sa kai ne da ba a biyansu ko kwabo. Masu bin waɗannan filaye ɗaya bayan ɗaya suna da laƙabi a bakin Turawa, wanda ma'anarsa ita ce masu tsalle daga fili zuwa fili. Tun 1978 akwai wata ƙungiya ta waɗanda suka kalli wasa a duk filayen 92 na sama, amma masu zurfin ciki a harkar sun fi son na ƙasa, wasunsu ma sun zagaya filaye fiye da dubu.

Tambayar da halinsu ke tayarwa tsohuwa ce, kuma ta wuce ƙwallo. Shin idon mutum da lokacinsa na gwani ne kaɗai, ko kuwa akwai wani haƙƙi da mai ƙaramin ƙarfi yake da shi a kan ɗan kallo?

Hujjar masu cewa na gwani ne ba abin rainawa ba ce. Rayuwa gajera ce, ranar hutu ɗaya ce ko biyu a mako. Wanda zai iya ganin mafi iya taka leda a duniya, me zai kai shi tsayuwa cikin ruwan sama yana kallon mai gyaran famfo yana harba ƙwallo saman bishiya? Girmama gwaninta ma ai ɗabi'a ce ta gari. Al'ummar da ba ta bambanta mai kyau da maras kyau, wadda ke tafa wa kowa daidai wa daida, ba da jimawa ba za ta rasa gwanaye. Malamin lakwal ya fi kowa sanin haka: in ya ba kowane ɗalibi maki ɗaya, ya zalunci mai ƙoƙari, kuma bai taimaki rago ba.

Sai dai wannan hujja ta ɗauki kallo a matsayin karɓa kawai, kamar mai sayen kaya da ke zaɓen mafi kyau a kasuwa. Alhali kallo yana da fuska ta biyu, wato bayarwa. A filin da ke cin mutum dubu sittin, rashin zuwan mutum ɗaya ba ya canza kome, wani zai zauna a kujerarsa, kuma mafi yawan kuɗin ƙungiyar ma daga talbijin da tallace-tallace yake fitowa. A filin da mutum ɗari da hamsin suka zo, kuɗin ƙofa na mutum ɗaya da shayin da ya saya suna cikin abin da za a biya alƙalin wasa da wutar fitilu. Muryarsa tana kai wa ga mai tsaron raga. In wasa ya tashi, zai tarar da ƴan wasan ɓangarorin biyu a ɗakin shaƙatawa na ƙungiya, su gaisa hannu da hannu. Can sama ɗan kallo adadi ne, a nan ƙasa mutum ne da ake ganin zuwansa, ake kuma jin rashinsa.

Ingila ta amince da wannan gaskiya a cikin dokokin wasanta. Tun shekarun 1960 ba a nuna wasan ƙwallo kai tsaye a talbijin ɗin ƙasar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yammacin Asabar a lokacin gasa, don kada manyan ƙungiyoyi su janye jama'a daga ƙofar ƙanana. A 2010 kuma wani mai son ƙwallo, James Doe, ya ƙirƙiro ranar ziyartar ƙananan filaye, wadda ake sa wa a makon da manyan ƙungiyoyi ke hutu saboda wasannin ƙasa da ƙasa. Ma'anar duka biyun ɗaya ce: idon jama'a dukiya ce mai iyaka, in aka bar ta ga ƙarfin kasuwa kaɗai, duk sama za ta gudu.

Abin da ke faruwa in ta gudu an gan shi a garin Bury, kusa da Manchesta. Ƙungiyar garin, wadda aka kafa a 1885, ta ci Kofin FA sau biyu, a 1900 da 1903. A watan Agusta 2019 aka kore ta daga gasar manya saboda bashi, bayan shekara 125 tana ciki, a daidai lokacin da maƙwabtanta biyu na Manchesta ke juya ɗaruruwan miliyoyi. Filinta na Gigg Lane ya zauna a kulle. Mutanen garin ba su rasa ƙwallon kallo ba, domin talbijin cike yake da ita. Abin da suka rasa shi ne wurin da kaka da jika suke tsayawa tare ran Asabar. Sai da magoya baya suka tara kuɗi aka sayo filin a 2022, ƙungiyar ta dawo cikinsa a 2023 daga mataki na tara, kuma mutum fiye da 5,000 suka halarci wasan gasa na farko. Haka magoya bayan Wimbledon suka yi a 2002, sa'ad da aka amince a ɗauke ƙungiyarsu daga kudancin Landan zuwa Milton Keynes: suka kafa tasu daga mataki na tara, suka hau tsanin har suka shiga cikin 92 a 2011. Mutanen nan sun zaɓi ƙwallon da ba ta kai ta dā kyau ba, don ta zama tasu.

Ko ta fuskar gwanintar ma, mai raina ƙaramin fili bai yi lissafi daidai ba. Jamie Vardy, wanda ya ci gasar Firimiya da Leicester a 2016, ya yi shekaru yana buga wa Stocksbridge Park Steels, a wajen Sheffield, ana ba shi fam 30 a mako yana kuma aiki a masana'anta. Waɗanda suka tsaya cikin sanyi suna kallonsa a lokacin su ne suka riƙe filin da ya tsaya a kai har manya suka hango shi. Amma bai kyautu a jingina darajar ƙaramin fili ga irin wannan labari kaɗai ba. Mafi yawan ƴan wasan matakan ƙasa ba za su taɓa zama Vardy ba, kuma wasansu bai rasa ƙima saboda haka ba. Mutumin da ya tashi daga aiki ya tafi atisaye daren Talata da na Alhamis, ya kare sunan garinsu ran Asabar, ya cancanci a shaida ƙoƙarinsa ko da tsaninsa ya ƙare a inda yake.

To, wannan duka hujja ce ga ɗan gari mai zuwa filin garinsu. Baƙon fa, mai tsalle daga fili zuwa fili? A nan ne maganar ta fi wuya. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Akwai mai zagayen da ba ya ganin kome a fili sai lamba: ya iso, ya sayi takardar shirin wasa, ya rubuta a littafinsa ko a manhajar wayarsa cewa wannan shi ne na 412, ya kama hanyar tasha ana busa tashi, ba zai sake dawowa ba har abada. Wanda ya ci da wanda aka ci duk ɗaya ne a wurinsa. Irin wannan ya mai da amanar wasu kayan tarawa. Dattijuwar da ta shekara talatin tana wanke rigunan ƙungiya ta zama ado a cikin hotonsa. Akwai kuma wata cuta mafi ɓoyuwa, wato sha'awar talaucin wani. Baƙo yana son rumfar katako mai yoyo domin ta yi kama da zamanin dā, yana ɓata rai in ya ji za a rushe ta a gina ta siminti, alhali shi sau ɗaya ruwan zai jiƙa shi, ɗan gari kuwa duk damina.

Wannan zargi yana da tushe, amma bai rushe ziyarar ba, iyaka dai ya nuna sharuɗɗanta. Baƙunci yana da ladabi a kowace al'umma. Baƙon kirki yana biyan kuɗin ƙofa ba tare da neman ragi ba, yana cin abincin gida, yana tambayar tarihin wuri ya kuma saurari amsa, yana barin masu gida su yanke abin da ya dace da gidansu. In ya koma, ya faɗi alherin da ya gani. Amfanin irin wannan sanayya ya fito fili a watan Janairu 2021, sa'ad da wasan Kofin FA ya haɗa Marine, ƙungiyar mataki na takwas a lokacin, daga Crosby kusa da Liverpool, da Tottenham. Filin Marine yana manne da bayan gidajen mutane, har an rataya lambobin gidajen a jikin shinge don a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa in ƙwallo ta faɗa lambun wani. Annobar korona ta hana ƴan kallo shiga, abin da zai sa ƙungiyar ta yi asarar ranar da ba za ta sake samun irinta ba. Sai mutane fiye da 30,000 suka sayi tikitin fam goma na wasan da suka san ba za su shiga ba. Tottenham ta ci 5 da nema. Mafi yawan masu sayen ba ƴan Crosby ba ne, baƙi ne da suka yarda cewa irin wannan wuri ya cancanci ya rayu.

Ma'auni na ƙarshe ga mai zagaye shi ne abin da tafiyar ta koya masa game da gida. Wanda ya ga filaye ɗari biyar amma bai taɓa riƙe wa ƙungiyar unguwarsu ƙofa ba, ya yi yawo ne kawai. Wanda kowace ziyara ta ƙara masa sanin nauyin da ƴan sa kai ke ɗauke da shi, har ya dawo ya ɗauki nasa kason, shi ne tafiya ta yi wa amfani.

Maganar ba ta tsaya a Ingila ba, domin ƙwallon Ingila da kanta ta biyo iska ta iso Nijar. Dokar yammacin Asabar a cikin Birtaniya kaɗai take aiki. Wasan da aka ɓoye wa mutumin Sheffield don ya tafi Sandygate, shi ne ake nunawa kai tsaye a gidajen kallo na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, kuma babu wata doka da ke kare filin unguwa daga gare shi. Ba laifi ba ne saurayi ya so Arsenal ko Chelsea, gwaninta abin so ce ko daga ina ta fito. Amma Arsenal ba ta san da zamansa a kan benci ba, yaran da ke gasar babban hutu a filin lakwal na bayan gidansu kuwa suna ɗaga kai su duba wa ya zo. Jama'ar da ke cika fagen kokowa tun gasar ƙasa ta farko da aka yi a Tawa a 1975 ba ta buƙatar a koya mata daɗin tsayawa a kan nata. Malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu suna da abin yi a nan wanda ba ya cin kuɗi: su je, su tsaya a bakin layi cikin ƙura, su san sunan mai tsaron raga, in ƙungiyar garin maƙwabta ta gayyato su kuma su bi yaran har can. Zumunta a ƙafa take, haka ma kallon da ke raya fili.