Shaidar Zur Domin Kare Addini

Ko ya halatta mai bi ya goyi bayan ƙarya domin ya kare abin da yake gani na Allah ne? Wannan tambaya ta taso a Amurka bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2020.

Joe Biden ya sami ƙuri'a fiye da miliyan 81, Donald Trump kuwa miliyan 74. Trump ya ce an yi masa maguɗi. Shi da magoya bayansa suka shigar da ƙara fiye da 60, kotuna suka yi watsi da kusan dukansu, har da alƙalan da shi kansa ya naɗa. A jihar Jojiya sau uku aka ƙirga ƙuri'un, sau ɗaya da hannu, sakamakon bai sake ba. Duk da haka, ran 6 ga Janairu 2021 taron jama'a suka kutsa cikin ginin majalisar dokoki, waɗansunsu riƙe da gicciye da tutoci masu sunan Yesu.

Masu ra'ayin riƙau sukan ce su ne masu tsaron iyali, da ɗa'a, da gadon kakanni. Waɗannan abubuwa suna da daraja. Amma cikin gadon nan akwai doka ta tara, wadda ta hana shaidar zur a kan maƙwabci. Wanda ya ce an saci zaɓe, ya kira dubban ma'aikatan zaɓe ɓarayi ke nan. In ba shi da hujja, ya karya dokar da yake cewa yana tsaro.

Maguɗi yana faruwa, ba shakka. A 2020 kotu a Malawi ta soke zaɓen shugaban ƙasa na 2019, gama masu ƙara sun kawo takardun sakamako da aka goge aka sake rubutawa. Mai hujja yakan kai ta gaban alƙali. Marar hujja yakan zuga taro.

Littafin Sarakuna na Fari, sura 21, ya nuna yadda Yezebel ta sa aka yi shelar azumi, sa'an nan aka kawo shaidun ƙarya, aka jajjefi Nabot domin gonarsa. Azumin bai tsarkake ƙaryar ba. Ubangiji ya aiki Iliya da hukunci.

Saboda haka, kafin mai bi ya maimaita zargi a kasuwa ko a bagade, sai ya tambayi kansa: da ɗan takararsa ne ya ci, zai yarda da irin wannan hujja? Allah ba ya bukatar ƙarya domin ya tsare ikkilisiyarsa.