Belin Ronaldinho da belin baƙon da ba shi da kowa

A watan Maris na 2020, 'yan sandan Paraguay suka kama Ronaldinho, tsohon tauraron ƙwallon ƙafar Brazil, tare da yayansa Roberto Assis, bisa zargin shiga ƙasar da fasfo na jabu. Kwana 32 suka yi a tsare a birnin Asunción, har Ronaldinho ya taka leda da fursunoni a farfajiyar wurin da aka tsare su. A Afrilu suka ajiye dala miliyan 1.6, alƙali ya mayar da su ɗaurin talala a otal.

Hujjar alƙali ta tsare su ba ta da wuyar ganewa: baƙon da takardunsa ke da shakku yana iya sulalewa.

Sai dai zargi ba hukunci ba ne. Malaman fiƙihu sun ɗora nauyin kawo hujja a kan mai ƙara, sun kuma halatta lamuni, wato mutumin kirki ya tsaya wa wanda ake tuhuma cewa zai kawo shi gaban alƙali. Ɗan ci-ranin da aka kama da irin wannan fasfo, aljihunsa wayam, ba shi da dangi a garin, yakan shafe watanni a kurkuku kafin a saurare shi. Ya kamata kotu ta auna haɗarin guduwarsa, ta sa masa sharaɗin da zai iya cikawa.