Mai Ganin Kufai Da Mai Ɗaukar Kayansa

In aka gaya wa manomin shinkafa na fadamar Haɗeja cewa akwai waɗansu mutane da kan tara kuɗi shekara da shekaru, su ƙetare teku, su yi kwana huɗu suna hawan duwatsu da ƙafa don kawai su ga wani gari wanda ba kowa a cikinsa, lalle zai yi dariya, ya ce ƙoshi ne ya yi musu yawa. Ba a kuwa ga laifinsa ba. A ƙasar Hausa ba a ɗauki kufai wurin zuwa ba. Makiyayi ya kan ratse masa in rana ta take, uwa ta kan hana ɗanta wasa a ciki, ana cewa mazaunin aljannu ne da macizai. Wanda ya tashi takanas ya nufi kufai, in ba mai haƙar saiwar magani ba ne, sai a soma yi masa kallon mai taɓin hankali.

Amma mutanen nan suna nan, suna kuwa da yawa. Garin da su ke zuwa gani sunansa Machu Picchu, yana cikin ƙasar Peru, a Amurka ta Kudu, bisa duwatsun Andis. Waɗansu mutane ne da a ke kira Inka suka gina shi wajen shekarar 1450, zamanin wani sarkinsu mai suna Pachacuti. Ba su da baƙin ƙarfe, ba su da doki, ba su da amalanke. Dabbar da ke ɗaukar musu kaya ita ce lama, dangin raƙumi ce, amma ba ta da tozo, ba ta kuma kai jaki ƙarfi ba. Duk da haka suka sassaƙa manyan duwatsu, suka jera su bisa juna ba laka a tsakani, har a waɗansu ɗakunan bakin wuƙa ba ya samun wurin shiga. Suka yanka gefen dutse hawa hawa kamar matakala, suka zuba ƙasa, suka yi gonaki. A 1532 Turawan Sifen suka kama sarkin Inka, mulkin ya rushe, garin ya watse, daji ya rufe shi.

Yanzu jirgin ƙasa yana kai mutum har gindin dutsen, mota ta ƙarasa da shi sama. Duk da wannan sauƙi, waɗansu sun fi son su bi tsohuwar hanyar Inka da ƙafa, tafiyar wajen mil 26, a kwana uku a hanya, a isa da asubar rana ta huɗu. Mil 26 ba wani abu ba ne ga wanda ya saba cin kasuwa da ƙafa. Abin da ya sa ta zama aiki shi ne tsawo. Garin kansa yana sama da teku da misalin ƙafa 8,000, watau kusan daidai da ƙololuwar Chappal Waddi ta Jihar Taraba, wadda ba dutsen da ya kai ta tsawo a Nijeriya. A rana ta biyu kuwa sai an haura wani mashigi mai tsawon ƙafa 13,800. A can iska ba ta da kauri, mutum ya ja numfashi ya cika ƙirji amma jiki bai ƙoshi ba. Kai ya yi ta sara, zuciya ta yi ta tashi, ƙato ya yi taku goma ya tsaya yana haki kamar wanda ya yi tsere. Mutanen wurin su kan tauna wani ganye don rage abin, kamar yadda matafiyi ke cin goro.

To, ko da ya ke ƙasar Haɗeja shimfiɗaɗɗiya ce, ba dutsen hawa, mai son irin wannan tafiya ba zai rasa wurin zuwa ba. Ga Garun Gabas nan kusa, wadda masu labari ke cewa ita ce Biram, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, inda Bayajida ya bar matarsa da ciki sa'ad da ya gudo daga Barno. In kuwa mai nisa ya ke so, sai ya jira ruwa ya janye bayan kaka, ya ɗauki gora da sanda ya bi kogi ya yi gabas. Zai ratsa fadamu da kacala ta cushe, ya ga masunta bisa gora cikin ruwa, da tsuntsayen da kan zo daga Turai su yi ɗari a nan. Ya wuce Gashuwa, inda kogin ya riga ya gamu da na Jama'are ya zama Komadugu Yobe, ya wuce Gaidam, ƙasa tana ƙara rairayi, goriba tana ƙara yawa. Sai ya fi mako guda yana tafe kafin ya isa Birnin Gazargamu.

Mai Ali Gaji ne ya kafa birnin nan cikin ƙarni na 15, kusan zamani ɗaya da ginin garin Inka. Ya fi shekara 300 yana babban birnin Barno. Sarakunan Haɓe na wannan yanki, irin su na Auyo da Haɗeja da Garun Gabas, suna ƙarƙashinsa, suna kai gaisuwa ta hannun Galadiman Barno da ke zaune a Nguru. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci birnin, ba a daɗe ba aka bar shi ɗungum. Wani Bature mai suna Denham ya je can a 1823, ya tarar da shi kango. Mai zuwa yau abin da zai gani shi ne tudun tsohuwar ganuwa ya kewaye fili, da gutsattsarin jan tubali inda fada ta ke a da.

Ina amfanin wahalar nan? Malamai su kan ce ganin kufai wa'azi ne, gama wanda ya tsaya a inda sarki ya taɓa zama, ya ga akuya na kiwo a wurin, girman kansa ya kan ragu. Gaskiya ne, amma wannan wa'azi wanda ya zo da mota ma yana samunsa. Akwai wani abu dabam wanda sai mai zuwa da ƙafa ke samu, shi ne sanin nauyin aikin da aka yi. Wanda ya sauka daga mota ya dubi ganuwa, sai ya ce kai, ta yi kyau, ya juya. Wanda ya zo da faso a ƙafa, da ƙishirwa, da ciwon kafaɗa, in ya dubi ganuwar nan sai ya tuna cewa kowane curin ƙasa da ke cikinta wani ne ya haƙa, wani ya jiƙa, wani ya cuɗa da ƙafa, wani ya ɗora bisa gammo ya hau da shi. Jiki magayi. Saboda haka ba daidai ba ne a kira tafiyar wauta.

Sai dai akwai wata magana da masu yabon tafiyar ba su cika son a tayar ba. Gwamnatin Peru ta ƙayyade mutum 500 kaɗai ke shiga tsohuwar hanyar nan a rana. Daga cikinsu baƙi masu kallo misalin 200 ne. Sauran duka jagorori ne, da masu dafa abinci, da 'yan dako, kuma 'yan dako sun fi yawa. Su ke ɗauke da tanti, da tukwane, da tukunyar gas, da buhunan abinci, har da kujerun da baƙo zai zauna. Baƙo yana barci su ke tashi. In ya kama hanya su naɗe zango, su wuce shi da sassarfa da kaya a baya, kafin ya iso sun kafa wani zangon, ruwan shayi ya tafasa. Yawancinsu manoma ne na ƙauyukan duwatsun, masu magana da harshen Kecuwa, watau harshen da Inka suka yi mulki da shi. A da a kan jibga musu kaya yadda aka ga dama, sai a 2001 aka yi doka ta tsai da nauyin a kilo 20, aka kuma sa ma'auni a bakin hanya. Baƙo ya koma gida da hoto, yana ba da labarin yadda ya ci dutse. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai a nan abin da gardin ya karɓe suna ne.

Ko labarin gano garin haka ya ke. Littattafai da yawa sun ce wani Ba'amurke mai suna Hiram Bingham ne ya gano shi ranar 24 ga Yuli, 1911. Alhali wani manomi na wurin, Melchor Arteaga, shi ya kai shi. Da suka hau suka tarar da waɗansu iyalai suna noma a tsofaffin gonakin, wani yaronsu ne ma ya zaga da baƙon cikin kangayen, kuma ga sunan wani mutumin ƙasar rubuce a jikin bango tun 1902. Bingham ya yi aiki, shi ya sanar da duniya, ba a hana masa wannan. Amma ba a gano gidan da masu shi ke ciki.

Bahaushe ba baƙon wannan al'amari ba ne. Ayarin da ya kan tashi zuwa Gwanja sayen goro, sunan madugu a ke tunawa, ba a tuna 'yan alaron da suka yi wata da watanni suna sauke kaya a loko suna ɗauka. Zamanin Turawa in Joji ya fita rangadi, ƙauye ne ke ba da mutanen da za su ɗauki akwatunansa da gadonsa zuwa ƙauye na gaba. Gaisuwar da ta kan tashi daga Auyo zuwa Nguru ba da ƙafarta ta ke tafiya ba. Kufai kansa haka ya ke rabon suna. An san Pachacuti, an san Mai Ali Gaji, an san Gijimasu ne ya fara ganuwar Kano, an san Sarki Sambo ya faɗaɗa ta Haɗeja bayan jihadi. Matan da suka yi ta ɗebo ruwa daga kogi don kwaɓa ƙasar fa? A mulkin Inka kowane gida sai ya ba da mutum ya yi wa sarki aiki na waɗansu kwanaki a maimakon haraji, da irin wannan aka jawo duwatsun. A nan ma haka a kan raba gyaran ganuwa bayan damina, kowace unguwa da kowane ƙauye da nasu yanki. Wani ya zo da son ransa kamar gayya, wani tsoron dogari ya kawo shi, wani kuwa bawa ne, ba a ma tambaye shi ba.

Kada mai karatu ya zaci ana nufin sarki bai yi komai ba. In ba wanda ya tara mutane ya tsara musu aiki, ƙasa sai ta zauna a kududdufinta. Ganuwar kuma ba sarki kaɗai ta tsare ba. Ran da mahara suka zo, talakan da ya ɗauki ƙasar shi ne na farkon kora awakinsa ciki. Haka nan ba zunubi ba ne mutum ya ɗauki ɗan dako. Dako sana'a ce, da ita waɗansu ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu, kuma ran da baƙi suka daina zuwa Peru, kamar yadda ya faru a 2020 saboda annoba, 'yan dakon ne suka fara jin yunwa. Wanda ya ce don tausayi zai ɗauki kayansa da kansa, wataƙila abincin wani ya hana. Inda laifin ya ke shi ne a yi cinikin lada kamar ana sayen gawayi, a ƙara wa mutum kaya bayan an wuce ma'auni, a ci nama a tanti shi yana waje cikin sanyi da ɗan abin da ya rage, sa'an nan a dawo ana cewa ni na hau. Wanda ya yi haka ya sha wahalar banza. Ya je don ya san nauyin aikin matattu, ga mai rai a gabansa yana ɗauke da irin nauyin nan, bai ko tambayi sunansa ba.

Akwai wani mai ɗaukar kaya kuma wanda shari'arsa ta fi wuya. A garuruwa da yawa na ƙasar Hausa, abin da ya cinye ganuwa ba ruwan sama kaɗai ba ne, har da mai jaki da mangala, wanda kan zo da sassafe ya sari ƙasa ya kai wa magina. Ganuwar Haɗeja ta ga yaƙe-yaƙen Sarki Buhari, ta ga ranar da Turawa suka shigo a 1906 aka kashe Sarki Muhammadu da jarumawansa, amma yau sai an nuna wa yaro inda ta bi. In aka tsare mai jakin nan aka ce yana ɓata tarihi, yana iya cewa kakanninsa ne suka ɗauko ƙasar nan ba a biya su ko anini ba, yanzu ga ɗakinsa ya zube, ya zo karɓar ladansu. Maganar tana da ƙarfi, amma ba ta kuɓutar da shi ba. Gado ne na gari duka, ba a raba shi ba, kuma ba magajin da ke da ikon ɗibar rabonsa da gatari kafin a zauna. Ban da haka, sarki yana da littafi da maroƙa masu riƙe masa suna. Kakan mai jakin ba shi da wata shaida cewa ya taɓa zama a duniya in ba tudun nan ba. A waɗansu tsofaffin gine-gine, in aka duba da kyau inda yaɓe bai zube ba, har yanzu a kan ga sawun yatsun wanda ya shafa shi.