Shaidar Baƙon Ranar Asabar

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi, ni kuwa ba ni da ja a kan haka. Abin da nake so mu duba, ya kai mai karatu, shi ne: mutumin da ke zaune a ƙasar da ba tasa ba, yana cin abinci a cikinta, sa'an nan yana fita yawon buɗe ido ran Asabar da Lahadi, idan ya dawo ya ce ƙasar nan kyakkyawa ce, shin za a karɓi shaidarsa?

Wani kawuna mutumin Kumbotso ya yi shekaru yana tuƙa wani injiniya Ba'indiye da matarsa a farkon shekarun 1980, sa'ad da masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai suke tashe. Maigidan a wani kamfanin jima yake aiki. Da Asabar ta yi sai a cika kwando da abinci, a ɗauki kyamara, a kama hanya. Yau Tiga, madatsar ruwan da aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo; wani makon otal ɗin Bagauda, wanda yanzu ya koma makarantar horar da lauyoyi; in sun ji ƙarfi, dajin Falgore. In ba su son nisa kuwa, sai marinar Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi. Kawu ya ce Madam takan karanta masa wasiƙun da take aika wa 'yan'uwanta, duk yabon Kano ne: ruwa garau, mutane masu fara'a, ga arha.

To, ƙarya ta yi? Ko kusa. Ruwan Tiga yana nan, marinar tana nan, fara'ar ma ba ta gushe ba. Amma akwai wani ruwan da bai taɓa shiga wasiƙa ba. Dagwalon majemun Chalawa yana gangarawa cikin kogin Chalawa, na Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa can, na Bompai kuwa yana bin Getsi ya haɗu da Jakara. Ruwa ne mai wari, ɗauke da sinadarin kuromiyam da ake jeme fata da shi, da shi kuma manoman rani da dama suke ban ruwan latas da kabeji da alayyaho. Daga ƙofar kamfanin zuwa bakin kogin bai kai ko kusa da nisan Tiga ba.

Wani zai ce baƙo raɓa ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don me za a tuhumi wanda ya zo hutawa? Na yarda, in dai baƙon na gaskiya ne, wato mai wucewa wanda ya kwana biyu ya yi gaba. Wannan ba a bin sa bashin sani. Amma wanda albashinsa ke fitowa daga ramin jimar nan, ni a ganina ya fita daga baƙunta tun ranar da ya karɓi albashin farko. Daga Litinin zuwa Juma'a ɗan gari ne mai hannu a cikin abin da ke gudana, sai ran Asabar ya saka rigar baƙo ya tafi kallo. Laifinsa a wurina ba yabon da ya yi ba ne, sai dai zaɓen wurin da zai kai idonsa.

Dubi Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, wanda ya shigo Kano a 1851. Ya yaba rini da saƙar Kanawa ƙwarai, ya faɗi yadda tufafinsu ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus, amma bai ɓoye kududdufan Jakara da zazzaɓin da ya kwantar da shi ba. Shi ya sa har yau masana tarihi ke kafa hujja da shi, don mai faɗin ɗaci ana gaskata shi in ya faɗi zaƙi.

Kada kuma mu wanke kanmu. Mu ne ke jan baƙo zuwa inda ba za mu ji kunya ba, mu kauce wa lungun da ke wari. Haka nan namu da ke karatu a Ingila, miji da mata su je bakin teku ran Lahadi su aiko da hotuna, ba wanda zai aiko da hoton ɗakin da yake wanke-wanke da dare.

Kawu ya ce sau ɗaya ya yi ƙarfin hali ya ce, "Oga, ko ran Asabar mu leƙa ƙauyenmu ku ga kogi?" Madam ta yi murna, ta ce sai mako mai zuwa. Makon da ya zo Tiga aka koma, a hanyar dawowa kuma ta sa ya tsaya ta sayi latas a bakin titi.