Shin Hayaniya Abokiyar Gaba Ce?

Tun muna yara aka koya mana cewa aikin kirki sai da shiru. Malami ba ya fara darasi sai aji ya natsu. Masu ƙera kwamfutar kwantum ma a kan haka suka tashi, har wasunsu kan sanyaya na'urar ta fi sararin samaniya sanyi, don kada zafi ko girgiza su rikita lissafi. Wannan rikitarwa ita suke kira hayaniya, ko da yake kunne ba ya jin ta.

A 1981 Richard Feynman ya ba da shawarar a ƙera irin wannan kwamfuta don ta kwaikwayi yadda ƙananan ƙwayoyin halitta ke aiki. To, ga inda gizo ke saƙa. Halittar da ake son kwaikwaya ba ta san shiru ba. Akwai wata bakteriya mai zama a ruwan da haske bai cika kaiwa ba. Ɗan hasken da ta samu, sai makamashinsa ya bi ƙwaya bayan ƙwaya kafin ya isa inda za a sarrafa shi, alhali komai na kewaye yana ta girgiza. A 2008 masana suka nuna ta hanyar lissafi cewa in aka kawar da girgizar sarai, makamashin kan maƙale a hanya. In aka bar kaɗan, sai ta zungure shi ya wuce. In kuwa ta yi yawa, ya sake daskarewa. A 2019, a Insburuk ta ƙasar Ostiriya, aka jera ƙwayoyin zarra 10, aka zuba musu hayaniya da gangan, aka kuma ga haka ɗin.

Ashe abin da muke kora yana iya zama abin da muke bukata? Mukan yaba gidan da ba a musu da ajin da ba a tambaya, ba tare da mun duba ko wani abu na motsi a cikinsu ba. Shirun maƙalewa da shirun natsuwa, daga waje, kamarsu ɗaya.

Amma kada mu yi garaje, ƙwayar zarra ba mai wa'azi ba ce. Hayaniyar da ta yi amfani a Insburuk aunanniya ce, kamar gishiri a miya, mai bincike ke ƙara ta yana rage ta, kuma ba ruwansa da wanda ya yi nasara. A cikin mutane fa, wa zai auna? Sau da yawa mudun yana hannun maigida ko shugaba, wato shi wanda hayaniyar ta dama.