Tsakanin Kwalliya da Algus

Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta a Kaduna, daga Kawo zuwa Unguwar Rimi, mun san shirin da ake yi kafin ganawar neman aiki ta bidiyo. Tun daga kullen korona na 2020 kamfanonin waje suka saba ɗaukar ma'aikacin da ba su taɓa yin musabaha da shi ba. Da Naira ta faɗi a 2023 kuwa, albashin dala ya zama abin da ke iya riƙe gida guda har da karatun ƙanne. Minti arba'in a Zoom ne ke yanke hukunci. Shi ya sa muke jawo tebur mu fuskanci taga, mu tara littattafai a ƙarƙashin kwamfuta don kyamara ta zo daidai ido, mu roƙi maƙwabci ya kashe janareta, mu tura yara gidan kaka. Daga sama riga ce mai guga. Daga ƙasa kuwa, Allah dai ya rufa asiri.

Muna yi wa juna dariya a kan haka, amma akwai abin da ke sosa zuciya. Duk wanda ya taɓa sayen kwandon tumatir a Kasuwar Kawo ya san yadda wani mai kaya kan jera manya a sama, ruɓaɓɓu a ƙasa. Sunan wannan algus. To mu da muke gyara ɗan abin da kyamara ke gani, muna ture sauran gefe, me ya raba mu da shi?

Da farko dai, kyamara ba adalin shaida ba ce. Tana auna hasken hoton gaba ɗaya ne, sannan ta daidaita kanta a kai. Idan baƙin mutum ya sa farar shadda, ko ya ba taga baya, farin ya rinjaye ta, sai ta rage haske, fuska ta dushe ta koma inuwa mai haƙora. Matsalar ta daɗe: shekaru da dama masu wankin hoto suna daidaita launi da katin Kodak mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley. Saboda haka wanda ya canza riga zuwa ruwan toka ko shuɗi, ya sa haske ya faɗo masa ta gaba, fuskarsa ta gaskiya ya ƙwato daga hannun na'ura. Babu wanda ya cuta.

Batun dusashe bayan ɗaki ma bai dame mu ba. Magabatanmu sun gina zaure don baƙo ya zauna a karrama shi ba tare da ya ga shanyar tsakar gida ba, kuma babu baƙon da ya taɓa cewa an yaudare shi don bai ga madafa ba. Ya san akwai cikin gida, ya san ba huruminsa ba ne. Mai yi mana tambayoyi daga Balin ya san hoton a dusashe yake, ya kuma san dalili. Haka nan wanka da turare don tarbar baƙo girmamawa ce tun kafin a ƙera kyamara.

Inda abin ya fara wuya shi ne ido. An tarbiyyantar da mu cewa ba a zuba wa babba ido. Sunkuyar da kai ladabi ne. Su kuma can, wanda ya kawar da ido sukan ɗauka yana ɓoye wani abu. Ga kuma wani abin mamaki: in kana son ya ji kana kallonsa, dole ka daina kallon fuskarsa a allo, ka kalli ɗan ramin kyamara. Mun koyi wannan kamar yadda muka koyi Turanci, kuma muna ganin halal ne, domin yaren mai sauraro ka ara don ya fahimce ka.

Sai kuma a farkon 2023 kamfanin Nvidia ya fito da wata dabara a manhajarsa ta Broadcast wadda ke gyara ƙwayar ido a hoto, ta nuna kana kallon kyamara ko da wani wurin kake kallo. Mai kunya na iya amfana da ita. Amma mun san abin da wasu ke yi: su buɗe ChatGPT a gefe, suna karanto amsa, idon aro yana kallon mai tambaya cikin natsuwa. A nan kam tumatir ɗin ƙasa ya ruɓe. Mutumin ya zo auna abin da ke kanka ne, kai kuma ka miƙa masa na wani. Da zai zagayo ya tsaya a bayanka ya ga yara da shanya, murmushi zai yi. Da zai ga amsoshin da ke allon, zai tashi ya bar wurin. Ma'aunin da muka samu ke nan, kuma bai da daɗin amfani, domin yakan kama mu a ƙananan abubuwa ma, irin jera littattafan da ba mu taɓa buɗewa ba a kanta don a gani.

Akwai sauran guda da ma'aunin nan bai warware ba. Da yawa cikinmu kan cire hula kafin a kunna kyamara. Wasu kan gajarta suna ya zama mai sauƙi a bakin Bature, ko in an tambaye su garinsu su ce kusa da Abuja, don gudun abin da mai tambaya ya karanta a labarai game da Kaduna. Abokan aikinmu mata kan daɗe suna shawara da kansu kan girman hijabin da za su sa. Kamfanin bai yi asarar komai ba a nan, aikin da ya saya shi zai samu. In akwai wanda aka tauye, to shi ne mai cire hular, da kuma ƙaninsa da ke leƙe ta ƙofa yana koyon cewa kamanninsu kaya ne da ake turawa ƙarƙashin gado idan manyan baƙi sun zo.

Ba za mu ɗora wa kowa laifi ba. Mai kuɗin haya a wuya ya fi mu sanin nauyinsa. Mun dai lura cewa shawarar ba ta ƙarewa a rana guda. Wanda ya samu aikin babu hula, haka zai riƙa bayyana kowace safiya a taron ma'aikata, wata da watanni, yana rataye ta a ƙusa kafin ƙarfe tara, yana ɗaukowa idan an kira azahar.