Albashi da Zuciyar Ma'aikaci

Tamanrasset gari ne a tsakiyar hamada, a gindin duwatsun Ahaggar, kusan kilomita 2,000 kudu da babban birnin Aljeriya. Fataken Agadas sun san hanyarsa. Amma ma'aikacin gwamnati da ya tashi a bakin teku, in aka tura shi can, yakan ga kamar horo aka yi masa.

Hukuma ta san haka. A watan Janairu 1995 ta kafa doka wadda ta ba ƙwararrun ma'aikata na jihohin Adrar, Tamanrasset, Tindouf da Illizi ƙarin alawus da wasu gata. Likitocin da suka gama koyon ƙwarewa kuwa, aka ɗora musu hidimar ƙasa: shekara ɗaya a kudu mai nisa, har shekara huɗu a biranen arewa. Duk da haka, daga 2017 zuwa 2018 likitoci masu neman ƙwarewa suka yi yajin aiki na watanni, suna neman a cire tilas ɗin, a ba su gidaje da kayan aiki.

Suna da gaskiyarsu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gwamnatin da ta hana ma'aikaci hakkinsa, ko ta ba ɗan gata girman da wani ya yi wa gumi, ita ce ta fara koya masa ha'inci.

Amma akwai inda kuɗi ba ya kaiwa. Alawus yana iya kawo likita Tamanrasset, ba ya iya sa shi ya zauna bakin gadon matar makiyayi da tsakar dare, sa'ad da babu mai dubawa. Wanda ya zo don ƙarin girma kawai, kwanaki yake ƙirgawa, marasa lafiya kuwa sun zama masa tsani. Bisharar Yahaya sura 10 ta bambanta makiyayi da ɗan ƙodago: dukansu suna kiwo, ranar haɗari ake gane kowa.

A wannan gari ne Charles de Foucauld ya sauka a 1905. Ya koyi harshen Buzaye, ya rubuta ƙamusunsa, ya zauna tare da su har aka kashe shi a 1916. Babu matakin albashi da yake jira.

Ba kowa ne za a nema wa irin wannan sadaukarwa ba. Nauyin hukuma ne ta biya daidai, kan kari, ta ɗaga wanda ya cancanta. Nauyin ma'aikaci kuwa, ya tuna cewa wanda ke tsaye a gaban teburinsa mutum ne da Allah ya halitta, ko an biya alawus ɗin wannan wata ko ba a biya ba.